Wasiƙa Zuwa ga Masu Ɗana wa Jatan Lande Tarko a Gaɓar Yammacin Kanada

Ya ku 'yan'uwana masu wannan sha'awa,

 

Na rubuto muku ne a kan abin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi a wannan harka tamu, wato koto. Mutum zai zuba kuɗi ya sayi kwale-kwale mai inji, da na'urar auna zurfi, da injin jan igiya, amma sai ana gobe fita zai tuna bai tanadi abin da zai sa a tarko ba. Sai ya fizgi gwangwani biyu a kanti, washegari ya dawo yana ƙorafin teku ta yi masa rowa.

Mu fara da sanin wanda muke gayyata. Jatan landen nan mai ɗigon fari a gadon baya, wanda ya fi sauran danginsa na wannan gaɓa girma, mazauninsa ƙasan teku ne, a gangare mai duwatsu. Mafi yawanmu muna samunsa tsakanin mita 60 zuwa 100, ko a mashigin Saanich ne, ko Howe Sound, ko mashigin Alberni. Can ƙasa haske kaɗan ne, ruwan kuma da sanyi. Ba da ido yake neman abinci ba. Da 'yan gashin bakinsa yake sansano sinadaran da suka narke daga nama suka bi ruwa, sai ya bi sawun ƙanshin har inda ya fito. Saboda haka aikin koto guda ɗaya ne: ya riƙa sakin ƙanshi a ƙasan teku, ba yankewa, tun daga saukar tarko har zuwa jan sa. Koton da ya zube a hanya kafin ya kai ƙasa asara ne. Wanda ya ƙare cikin rabin sa'a asara ne. Wanda ya ƙi buɗewa sai bayan an ja tarko, shi ma asara ne.

Ke nan tambayar farko ba ita ce me za a haɗa ba. Tambayar ita ce, sa'a nawa tarkon zai yi a ruwa? In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Idan fitar wuni ce, za ku ɗana da safe ku ja bayan sa'a biyu zuwa huɗu, kuna bukatar koto mai saurin magana. Ku samo ƙwayoyin koton da shagunan kayan su suke sayarwa, waɗanda ake murzawa daga garin kifi. Ku zuba a bokiti mai murfi, ku kwarara man kifin herin ko na sadin har ya jiƙa su, ku bar su su kwana, in da hali kwana biyu. Busasshiyar ƙwaya tana ɗaukar lokaci kafin ruwan sanyi ya ratsa ta, wadda ta sha mai kuwa tana sauka a shirye. Bayan sun yi laushi sai ku ƙara abincin kyanwa na gwangwani mai kifi, irin mai arha mai ƙarni, da sadin ko tuna na gwangwani har da mansu. Ku juya sosai har ya yi kaurin ƙullun ƙosai. In ya yi ruwa, maƙwabtanmu na Puget Sound a Amurka suna barbaɗa busasshen garin dankalin Turawa don ya kama jikinsa, kuma dabarar tana aiki. In ya yi tauri, a sassauta da ɗan mai.

Amma ku kula da mai, domin a nan mutane da yawa suke yaudarar kansu. Mai ya fi ruwa rashin nauyi. Duk wanda bai shiga jikin ƙwaya ko nama ba, sama zai taso ya bar jatan lande a ƙasa. Idan kun jefa tarko kuka ga saman ruwa yana ta ƙyalli a bayan kwale-kwale, kuɗinku ne yake yawo. Abin da ake so shi ne mai ya zauna a cikin haɗin, ya riƙa fita tare da ɓarɓashin kifi da ke bin ƙasa.

Idan kuwa tarkon zai kwana, wannan haɗi mai laushi ba zai kai asuba ba. A nan a rage danshi. A cika mafi yawan mazubin da ƙwayoyin da ba a jiƙa sosai ba, a ɗora cokali biyu na haɗi mai laushi a kai don ya fara kira, su kuma ƙwayoyin su karɓi aiki cikin dare, lokacin da jatan lande ya fi fitowa kiwo. Mai kan salmon ko ƙashin bayansa da ya rage daga kamun jiya yana iya ɗaure shi a tsakiyar tarko, sai dai ya sani nama a fili yana kiran baƙin da ba a gayyata ba. Ƙananan ƙwarin ƙasan teku suna iya cinye shi cikin 'yan sa'o'i su bar ƙashi, sannan ga dabbar nan mai hannu takwas, wadda in ta shiga tarko ba koton za ta ci ba, kamunku za ta ci. Kwanan tarko ba kullum yake nufin ƙarin kamu ba.

Sai batun mazubi, wanda nake ganin rabin aikin ne. Robar koto mai murfi da ƙananan huji ita ce ke auna yawan abin da zai fita. Huji manya suna sakin ƙanshi da sauri, su kuma ba ƙwari ƙofa. Huji ƙanana suna jan lokaci, amma haɗi mai kauri yana toshe su. Ku ajiye iri biyu, na wuni da na kwana. Kada ku cika roba har baki, domin ƙwayoyin suna kumbura in sun sha ruwa, kuma in suka matse, ruwa ba zai ratsa tsakiya ba. Da safe sai ku tarar da ciki a bushe. Rabi ko kashi biyu bisa uku ya isa. A ɗaure robar a tsakiyar tarko, nesa da raga, don kada jatan lande ya tsaya daga waje ya ci rabonsa ya wuce.

Dabarar da ta fi kowace sauƙi ita ce firiza. Ku cika robobin tun a gida, ku sa kowace a leda, ku daskarar. Tarkon da zai sauka mita 90 yana ɗaukar mintuna a hanya, kuma ruwa yana wanke haɗi mai laushi tun kafin ya isa. Daskararre kuwa yana kai ƙasa cikakke, sannan ya narke a hankali a inda ake bukatarsa. Ga kuma tsafta: ba kwaɓa ƙarni a kwale-kwale mai tangaɗi, ba mai a daɓe da zai kwashe ƙafar yaro.

Akwai masu cewa gwargwadon warin koto, gwargwadon kamu, har su bar bokiti a rana ya ruɓe. Ban bi su ba. Ƙarnin kifi mai maiƙo daban, ɗoyin ruɓa daban, kuma na farkon ne ya fi kawo jatan lande. Mai shakka ya gwada: tarko biyu a igiya ɗaya, zurfi ɗaya, lokaci ɗaya, koto daban. Ya rubuta abin da kowanne ya kamo, ya maimaita a fita ta gaba. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Haka kuma kada a ɗora wa koto laifin wuri. Tarkon da ya faɗa a kan shimfiɗaɗɗen taɓo, ko wanda gudun ruwa ya yi ta ja saboda ba a sa masa nauyi ba, ko da me aka cika shi ba zai yi abin kirki ba.

Koto mai kyau yana cika tarko, cikakken tarko kuma yana gwada halin mai shi. Hukumar kula da kamun kifi da tekuna ta Kanada ta ba mai lasisin kamun nishaɗi tarko huɗu, kuma tun 2020 ta rage kamun rana daga jatan lande 200 zuwa 125. Dole ne a mayar da duk macen da ke ɗauke da ƙwai a ƙarƙashin cikinta. Wannan doka tana da tushe a halittar dabbar: kowane ɗayansu namiji yake fara rayuwa, sai ya girma ya koma mace, kuma duka rayuwar ba ta wuce shekara huɗu da yawa. Manyan da muke ɗoki su ne iyayen na baɗi, kuma daga kaka zuwa ƙarshen hunturu suke ɗauke da ƙwai. Ku sake su nan take, a hankali, kafin su sha iska. Ku nisanci wuraren da aka rufe don kare tudun halittar tekun da ake kira soson gilashi a mashigin Georgia da Howe Sound, inda tarko ɗaya zai iya farfasa abin da ya daɗe yana ginuwa. Dokokin yanki suna sauyawa, har akan rufe wasu wurare da hunturu, don haka ku duba sanarwar hukuma kafin kowace fita.

Gwangwani da leda su koma gida tare da ku. Bokitin koto ya yi nesa da akwatin ƙanƙara. Wanda ba zai iya riƙe kamunsa da rai ba ya cire kawunan tun a ruwa, domin da zarar dabbar ta mutu, wani sinadari da ke kanta yana sauka ya lalata naman ya yi laushi.

A taƙaice, ku yanke sa'o'in da tarko zai yi a ruwa tun kuna gida, sannan ku kwaɓa koton da ya dace da su, ku zaɓi robar da ta dace da koton. Allah Ya ba da sa'a, Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a wannan sha'awa.