Kyamarar da ke bin ƙwallo da kanta: kafin mu haɗa kuɗin, mu tsaya tukuna

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare.

Kwanakin nan wata magana tana yawo a guruf-guruf na 'yan ƙwallo, daga na makaranta a Naraguta har na unguwa a nan Laranto inda nake zaune: wai a yi karo-karo a sayi kyamarar nan mai ɗaukar wasa ba tare da mutum ya riƙe ta ba. Hujjar masu kiran guda ɗaya ce, da zarar an fara ɗaukar wasanninmu, Turawa za su gani su kwashi yaranmu. Ina son kyamarar, amma wannan hujja ba ta shige ni ba, kuma ina tsoron ita ce za ta sa a yi asarar kuɗin.

Ga wanda bai san ta ba, ga yadda take. Wadda aka fi ambata ita ce Veo, ta wani kamfanin ƙasar Denmak da aka kafa a 2015. Akwai Pixellot ta Isra'ila, akwai kuma Hudl Focus ta Amurka. Ita Veo idanu biyu gare ta, ana ɗora ta a kan dogon ƙarfe mai ƙafa uku daidai layin tsakiya, ta ɗauki filin gaba ɗaya daga wannan raga zuwa waccan. Ba ta juyawa ko kaɗan. Bayan an tashi ana loda bidiyon a intanet, kwamfutocin kamfanin su nemo inda ƙwallo take a kowane lokaci su riƙa matso da wurin, sai ka ga kamar wani gwani ne ya bi wasan da hannu. Har ƙwallayen da aka ci tana ware maka. Gaskiya abin burgewa ne, ba ƙarya.

To amma mu duba inda wannan harka ta fi kafuwa. Hudl a 2006 aka kafa shi a garin Lincoln na jihar Nebraska, kuma ba don irin ƙwallonmu ba, don ƙwallon Amurka ne, wanda ake rungume ƙwallo ana gudu sanye da hular kwano. Wannan wasa tsaye-tsaye ake yin sa: a yi 'yan daƙiƙu ana fafatawa, a tsaya, a sake jeruwa. Shi ya sa yake yankuwa gutsure-gutsure a bidiyo, kowane yanki da darasinsa. Masu horarwa a can sun daɗe da sabawa da zama a ɗaki su kalli fim ɗin wasa. Tun shekarun 1940 aka san koci Paul Brown na Cleveland Browns da wannan. Har makarantun sakandare suna musayar bidiyo da waɗanda za su kara da su. Yaro kuma yana tura nasa ga kocin jami'a, don a can jami'o'i ne ke ɗaukar 'yan wasa su biya musu karatu, daga nan ake shiga NFL. Wato sun riga sun saba da zaman kallo, kuma akwai sanannen wanda ke jiran bidiyon. Kyamara mai sarrafa kanta ta zo ne kawai ta hutar da wanda ke tsayawa a saman benci yana ɗauka.

Mu fa? A tiim ɗin sashenmu da na unguwarmu ban taɓa ganin ranar da aka ware don kallon wasan da ya wuce ba. Ana tashi sai musu, kowa ya ce gola ne ya sayar, a watse. Wanda bai saba kallon bidiyon waya ba, sayen na'urar miliyoyi ba zai koya masa ba.

Sai batun Turai, wanda shi ne ya fi damuna. Jos ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Mighty Jets ce ta ci gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972, Plateau United ta ci a 2017. A garin nan aka haifi Mikel Obi da Ahmed Musa da Moses Simon. Dubi hanyar Ahmed Musa: makarantar ƙwallo ta GBS, sai JUTH, sai Kano Pillars inda ya zura ƙwallo 18 a kaka ɗaya, sannan VVV-Venlo ta Holan a 2010. Ko a nan sai da aka jira ya cika shekara 18, saboda dokar FIFA ta hana sayar da ƙananan yara zuwa wata ƙasa in ban da 'yan togaciya kaɗan. Abin da ya sayar da shi wasanni ne a gasar da aka sani, da abokan karawa da aka sani. Masu farautar 'yan wasa a Turai yau suna amfani da rumbuna irin su Wyscout, wanda shi ma Hudl ya saye a 2019, kuma abin da suke nema cikakken wasa ne a gasa mai rajista. Bidiyon minti uku na yaro yana yanke mutum huɗu a filin ƙura bai gaya musu komai ba. Su wa ya yanke? Shekarunsa nawa? Idan ƙwallo ba ta ƙafarsa me yake yi?

Wanda irin wannan bidiyo yake yi wa amfani sosai shi ne ejan na bogi. Kowa a cikinmu ya san gidan da aka sayar da fili ko keke Napep don "gwaji" a wata ƙasa, ƙarshenta yaro ya dawo ba ƙwallo ba karatu, ko ya maƙale a can. Idan muka kawo kyamara da alkawarin Turai, mun ƙara wa waɗannan mutane kayan aiki ne. Za ka ji ana cewa kawo dubu kaza a yanka maka naka a tura. A tura wa wa? Oho.

Sannan kuɗi. Kyamarar kanta ta haura dala dubu, kuma ba a nan ta tsaya ba, don sai da kuɗin rajista da ake sabuntawa. Ranar da ka daina biya, ta koma kusan kwalliya. Da dala ake biya, ku kuwa kun san abin da ya sami naira tun da aka sake ta a watan Yunin 2023, daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024. Ƙara da lodin bidiyon minti casa'in daga idanu biyu, ga sabis ɗin da muke fama da shi, ga wuta. Wa zai riƙa biya bayan 'yan kwamitin da suka saya sun gama sun tafi bautar ƙasa? Mun ga kaya da yawa da aka saya da ɗoki, shekara na zagayowa suka koma sito.

Ita ma basirar tata tana da iyaka. A watan Oktoban 2020 a Sikotlan, a wasan Inverness da Ayr United, kyamarar Pixellot ta riƙa barin ƙwallo tana bin kan mai ɗaga tuta, saboda sanƙo gare shi kuma rana na haska shi. Wannan fa a fili mai ciyawa da layuka tsaf. Yanzu kawo ta filinmu lokacin hunturu: hazo, jar ƙasa, ƙwallo ta yi kalar ƙasar, 'yan kallo sun shigo har cikin layi, ga yara suna buga tasu a bayan raga. Ban ce ba za ta yi aiki ba, amma duk mai sayar mana ya zo ya gwada a nan tukuna, ba ya nuna mana tallar filin Kofanhegan ba.

Duk da haka ina nan a kan cewa bidiyo zai gyara ƙwallonmu, kuma dalilina na koyarwa ne. Ɗan baya ba ya ganin ramin da yake bari a bayansa. Ɗan tsakiya ya rantse ba wanda zai ba wa, alhali mutum na gefensa a sake. Koci ya faɗa sau goma ba a ji, amma a nuna wa mutum kansa sau ɗaya sai ya yi shiru. A nan ne ɗaukar fili gaba ɗaya daga sama ta fi ɗaukar waya daga gefen layi, don tana nuna waɗanda ba sa riƙe da ƙwallo, su ne kuma mutum ashirin da ɗaya cikin ashirin da biyu.

Shawarata ita ce mu gwada kanmu semesta ɗaya kafin a taɓa aljihun kowa. Waya mai kyau, ƙafar ɗorawa, wuri mai tudu, mutum ɗaya da zai ɗauka a faɗaɗe ba ya bin ɗan garinsu da zum ba. Washegari a sami aji a zauna minti arba'in tare da koci. Tiim ɗin da ya iya riƙe wannan har wasa goma, shi ya cancanci kyamara. Idan kuma za a saya, to guda ɗaya a hannun sashen wasanni na jami'a, da kuɗin rajista a cikin kasafi, ba a hannun wani ɗalibi ba. Jami'ar da aka ba wa karɓar gasar NUGA bayan ta Legas a 2022 ba ta fi ƙarfin wannan ba. A tsara ranaku, tiim ɗin mata su sami nasu, ƙungiyoyin unguwa su riƙa aro da sharaɗi, na Laranto da Angwan Rogo kamar na Kabong da Tudun Wada. A garin nan fili na cikin 'yan wuraren da har yanzu muke haɗuwa ba a tambayi sunan kowa ba. 'Yan kimiyyar kwamfuta da na ilimin motsa jiki masu neman abin da za su yi furojet a kai, ga shi nan a ƙofar gida.

Abu ɗaya da dole a rubuta tun farko: bidiyon na wa ne? Fuskokin mutane ne a ciki, wasu ma ba su kai 18 ba, kuma a kwamfutocin wata ƙasa za a ajiye shi. Muna da dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Ɗan wasa ya sami kwafin wasansa kyauta, kada a miƙa wa wani ejan sai da saninsa, yaro ƙarami kuma sai da yardar iyayensa. 'Yar'uwar da ta ce ba ta so a ɗora ta a Facebook, a bar ta.

Wanda ke da ƙafar ɗora waya da ba ya amfani da ita ya yi magana a ƙasa, akwai wasa ranar Asabar da yamma.