Kafin Jirgi Ya Sake Kuka A Maiduguri

Cikin shekarar 1964 ne layin dogo ya iso Maiduguri, bayan an yi shekara shida ana shimfiɗa shi tun daga Kuru kusa da Jos, ya ratsa Bauchi da Gombe, tafiyar mil 400. Dattawa ba su manta da yadda taragu ke fita da gyaɗa da shanu ba. Yau kuwa an yi shekaru jirgi bai shigo tashar ba. A watan Maris na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin sake gina shi daga Fatakwal zuwa Maiduguri. In ana zancen aikin, ƙarfe da gadoji da taragu ake ambata. Ba kasafai ake tuna sigina ba, alhali ita ce idon direba.

Jirgin ƙasa ba mota ba ne. Ba shi da sitiyari, kuma in ya ɗauko gudu da kaya sai ya yi tafiya mai nisa bayan an ja birki. Saboda haka direba ba ya jiran ya ga abin da ke gabansa, sigina yake duba. Irin ta dā doguwar sanda ce mai hannu, ana janta da waya daga tasha, da dare kuma a kunna mata fitilar kananzir bayan gilashi ja da kore. Hikimarta ita ce, in waya ta tsinke, nauyin da aka rataya mata sai ya mayar da hannun ga alamar tsayawa. Watau ko lalacewa za ta yi, ta lalace tana hana jirgi wucewa. Ta zamani mai fitilar lantarki ma a kan wannan ƙa'ida ake ƙera ta.

To, yaya ake sake ta? Da farko injiniyoyi da wakilin direbobi sukan fita su duba wurin, su tabbata za a hango ta daga nesa, ba itace ko kwana da zai kāre ta. Sa'an nan a kafa sabuwa kusa da tsohuwa, a lulluɓe fuskarta ko a gicciya mata alama, domin kada direba ya yi aiki da ita. Tsohuwa tana nan tana aiki har ranar sauyi. Ran nan sai a rufe layi, a cire tsofaffin wayoyi, a haɗa sababbi.

Daga nan ne babban aiki ke farawa, watau gwaji. Doka ita ce wanda ya haɗa waya ba shi ne zai gwada ta ba. Wani dabam zai zo da taswira, ya ƙirga wayoyin ɗaya bayan ɗaya. A danna kowane maɓalli, mutum na tsaye gindin sigina yana faɗin abin da ta nuna. Sa'an nan da gangan a yi ƙoƙarin yin kuskure: a nemi ba jirage biyu hanya ɗaya, ko a nemi juya layi alhali an riga an ba da hanya. In na'ura ta ƙi, ta ci jarrabawa. Sai a rarraba wa direbobi takardar sanarwa, babban mai gwaji ya sa hannu, a yaye lulluɓi, a kawar da tsohuwa.

Wanda ke ganin wannan ɓata lokaci ne, ya tuna da abin da ya auku a Clapham cikin birnin Landan ran 12 ga Disamba, 1988. Ana cikin sake wayoyin sigina, ma'aikaci ya bar tsohuwar waya guda sake, bai naɗe bakinta ba. Mako 13 ke nan yana aiki kusan babu ranar hutu, kuma ba wanda ya bi bayansa ya ƙirga. Wayar ta taɓa inda bai kamata ba, sigina ta ba da hanya alhali jirgi na tsaye a gaba. Jirage uku suka haɗu, mutum 35 suka rasu.

Layin Barno kuwa tilo ne, mai zuwa da mai komawa a kansa suke bi, sai a tasha suke kauce wa juna. Kuskure ɗaya ya isa. Ran da aiki ya iso Maiduguri, za a sa ranar buki, manya za su ƙagara, ɗan kwangila ma zai so a biya shi. Ya kamata Hukumar Jiragen Ƙasa ta tsaya kai da fata: ba a ɗaukar fasinja sai mai gwaji ya sa hannu, ko da za a ɗaga bukin. Mutanen da suka jira shekaru ba za su kasa jiran mako biyu ba. Sauri dai ya haifi nawa.