Ruwa-ruwa ba Ruwa ba ne

A jahar Maradi kowa ya san "ruwa-ruwa": isansin da ake tsallakowa da shi daga Najeriya ana saidawa cikin kwalabe bakin hanya. A Hausa, in aka ninka kalma haka, ana nufin abu mai kama da wani amma bai kai shi ba, kamar fari-fari ko ja-ja. To, noman da ya dogara da ruwa-ruwa shi ma noma-noma ne, kuma ba manomi ya zaɓa wa kansa haka ba. Mulki ya zaɓa mashi.

Ƴan uwa ɗalibai, kun sha ji a wurin tarurruka ana cewa a "wayar da kan" manoma su rage ƙona mai saboda canjin yanayi. Haba! Manomin Kornaka da hauya yake noman hatsinshi da wakenshi, da amalanke yake kwasowa gida. Ina ya ga man da zai rage? Inda mai ke shiga rayuwarshi sananne ne: injin niƙa, injin ban ruwa na masu garka, da motar da ke kai kaya kasuwa. Kowane daga cikinsu, in ka bi sawu, wurin hukuma za ka tsinci kanka.

Mi ya sa injin niƙa ke shan gazuwal? Don wutar NIGELEC ba ta kai ƙauye ba. Inda ta kai ma, a da kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga Najeriya take zuwa, kuma a watan Agusta 2023, bayan juyin mulki, aka yanke ta rana ɗaya. Madatsar Kandaji da aka aza harsashinta tun 2008, gwamnati ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, wutarta ba ta kama ba. Mi ya sa mota ke shan mai fiye da kima? Don hanyar rairayi take bi, kuma kuɗin man nan daga farashin buhun manomi ɗan kasuwa ke cire shi. Mi ya sa mai garka bai koma ga hasken rana ba, a ƙasar da rana ke neman kashe mu? Don famfon sola kuɗi yake so a dunƙule, shi kuwa ba bankin da ya san sunanshi. Lita guda-guda yake iya saye, sai ya biya ninkin kuɗin sola cikin shekaru ba tare da ya mallaki komi ba.

Abin takaicin, muna da mai. Matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, da ƙarfin ganga 20,000 a rana. Amma shekara da shekaru manoman bakin iyaka na rayuwa bisa tallafin gwamnatin wata ƙasa. Ran 29 ga Mayu 2023 Bola Tinubu ya janye tallafin, ruwa-ruwa ya yi tsada, kowa ya koma gidan mai, a watan Maris 2025 sai ga dogayen layuka a garuruwanmu. Magana guda a Abuja ta isa ta ƙona tumatir a Gulbi. Wanda ya hau dokin aro, ko tsakiyar daji aka ce ya sauka sai ya sauka.

Wani zai ce: ai in mulki ya gyaru, tarakta za ta ƙaru, takin zamani ya ƙaru, kuma yuriya da iskar gas ake yin ta, ke nan mai ƙaruwa zai yi. Gaskiya ne, kuma ban ga laifi ba. Ma'aunin shi ne buhu nawa lita ta haifar, kuma wa ya ci riba. Ƙasashen da suka cika sama da hayaƙi ba su da bakin hana mu tarakta. Amma kada hukumominmu su ɓuya bayan wannan hujja: man da ya tafi cikin yashi da tsohon inji ɓarna ne, ba ci gaba ba.

Manomanmu ba sa jiran a wayar da su. Su ne suka riƙa barin kututture na tohowa a gonaki tun shekarun 1980, har itace ya dawo a miliyoyin eka, da suka tabbata itacen nasu ne. Su ne suka juya injin ban ruwa ya koma aiki da tukunyar gas.

Saboda haka in mun je hutu, mu shiga zaman majalisar gari mu yi tambaya da Hausa, a amsa mana da Hausa: nawa aka ware wa noman rani, wa ya samu kwangilar rijiya, wa zai gyara famfon in furoje ya tashi? Kasafin da aka rubuta da Faransanci aka kulle a durowa, mu da muka yi lakwal ke da alhakin fassara shi a dandali.