Ruwa Ba Ya Kashe Zafi: Lissafin Katin Hoto Mai Sanyaya da Ruwa a Zamfara

A cikin kayan kwamfutar wasanni, babu abin da ya kai katin hoto tsada da shan wuta. Shi ke zana duk abin da ido ke gani a allo, kuma kusan duk lantarkin da ya sha, zafi yake komawa. Katin RTX 4090 da kamfanin Nvidia ya fitar a Oktoban 2022 kan dala 1,599 yana shan wat 450. Magajinsa, RTX 5090, wanda ya fito a Janairun 2025, ya kai wat 575. Ganin haka, kamfanoni irin su MSI, Asus da Gigabyte suka riƙa fitar da samfurin da ake sanyayawa da ruwa. Ga matashin Gusau da kwamfutarsa ke gurnani a tsakiyar bazara, wannan tamkar magani ne da aka haɗa dominsa. Sai dai idan aka zauna aka yi lissafi, shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ya kashe wa kuɗi.

Tsarin ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa buɗe gaban mota. Ana ɗora farantin jan ƙarfe a kan ƙwaƙwalwar katin, ƙaramin famfo ya tura ruwa ta cikinsa, ruwan ya kwashi zafin zuwa lagireto, fankoki su hura shi waje. Idan aka auna nauyi ɗaya, ruwa na ɗaukar zafi kimanin ninki huɗu na abin da iska ke ɗauka. Shi ya sa katin kan yi aiki cikin sanyi da ƙarancin ƙara, bai kuma cika kaiwa matakin da yake rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone ba.

Matsalar ita ce Bahaushe ya san ruwa da wani irin sanyi dabam. Randa na sanyaya ruwa ne saboda laimar da ke tsattsafowa ta jikinta tana bin iska, ta tafi da zafi. Da wannan hikima Mohammed Bah Abba ya haɗa tukunya cikin tukunya don adana kayan lambu a Jigawa, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ruwan katin hoto kuwa a rufe yake, ba ya tururi. Ɗan dako ne kawai: ya ɗauko zafi daga kati ya sauke a cikin ɗaki. Ba zai taɓa yin sanyin da ya wuce na iskar ɗakin ba. A Afrilu, lokacin da zafin Gusau da Bungudu ke haura digiri 40, lagireton da aka gwada a ɗaki mai digiri ashirin da 'yan kai a Turai ya riga ya rasa kaso mai yawa na ƙarfinsa. Wat 450 ɗin nan kuma suna nan daram, daidai da kunna tsofaffin ƙwayayen lantarki masu wat 60 sama da bakwai a ɗakin kwano.

Sai batun wuta. Nvidia da kansa ya ba da shawarar na'urar raba wuta mai wat 850 ga kwamfutar da ke ɗauke da RTX 4090, da mai wat 1,000 ga RTX 5090. Ƙaramin janareton da ake gani a ƙofar shagunan aski ba zai ɗauki wannan nauyi ba. Zamfara na ƙarƙashin kamfanin rarraba lantarki na Kaduna, kuma mazaunin Tsafe ko Wonaka ba ya buƙatar a ba shi labarin ɗaukewar wuta da hawa da saukarta. Kati ya fi saurin mutuwa a hannun wutar da ta dawo da ƙarfi fiye da a hannun zafi.

Akwai kuma ƙura da gyara. Haƙoran lagireto sirara ne, a matse suke, kuma ƙurar hunturu na toshe su cikin makonni. Famfo na iya tsayawa, bututu na iya yoyo a kan kayan miliyoyin naira. Wanda ya haɗa tsarin da kansa ba zai zuba ruwan rijiyar burtsatse ba, domin gishirin cikinsa na toshe hanyoyi, kuma haɗa jan ƙarfe da alminiyom a layi ɗaya na cinye ƙarfen. Fankar da ta lalace ana iya sauya ta a Gusau. Famfon da ya mutu a katin da aka rufe daga masana'anta kuwa, sai an nufi Kano ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ta hanyar Tsafe zuwa Funtua da kowa ya san halin da take ciki. A canjin naira 1,500, dala 1,599 ta kusan naira miliyan 2.4, wato albashin kusan shekara uku ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Samfurin ruwa ya fi haka tsada.

Masu goyon bayan ruwa suna da hujja, kuma ba a raina ta ba. Mai tace bidiyo ko mai zanen gine-gine da katinsa ke aiki awa goma a rana, a ɗaki mai na'urar sanyaya iska da wutar sola wadatacciya, zai amfana da shirun da dawwamammen gudun da ruwa ke bayarwa. Amma shi ya riga ya warware matsalolin da ke gaba da wannan. Abin da ya saya ƙari ne a kan ginin da ya kammala.

Ga sauran jama'a, jerin ya kamata ya fara daga ƙasa. Da farko na'urar daidaita wuta da inbata mai batir. Sannan akwatin kwamfuta mai wadatar mashigar iska da matatar ƙura da ake wankewa duk mako. Sannan rage wutar da katin ke sha ta manhaja kyauta irin MSI Afterburner: a manyan katuna, zaftare kashi 20 cikin ɗari na wutar kan rage gudu kaɗan ne kawai, zafin kuwa ya sauka sosai. Katin matsakaici mai shan wat 200 zuwa ƙasa, wanda sola ke iya riƙewa, ya fi basaraken kati da ke zaman jiran wuta.

Masu talla a YouTube suna gwajinsu ne a ƙasashen da wuta ba ta ƙiftawa, ƙura ba ta shiga ɗaki. Mai saye a Zamfara ya dace ya fara auna zafin ɗakinsa da ƙarfin batirinsa kafin ya duba hoton bututu masu walƙiya.