Iskar Tayar Keken Hawan Dutse Ma Tana Da Ƙa'ida Kamar Magani

Yawancin masu keke sun ɗauka cewa gwargwadon taurin taya, gwargwadon ingancinta. A kan kwalta wannan zance yana da ƙamshin gaskiya, amma ga mai bin hanyar duwatsu irin ta tsaunukan Shere da ke kusa da Jos, kuskure ne da jiki ke ɗanɗana kuɗarsa.

Ra'ayina shi ne a riƙa auna iskar taya yadda muke auna magani, wato bisa nauyin mai amfani da shi. Lambar da aka rubuta a gefen taya iyaka ce da ba a so a wuce. Ba ita ce ma'aunin da ya dace da kowa ba.

Idan iska ta yi yawa, taya takan riƙa tsalle a kan duwatsu, ta kasa kama ƙasa a kwana, birki kuma ya rage ƙarfi. Duk girgizar da ya kamata taya ta shanye sai ta wuce zuwa wuyan hannu, kafaɗa da ƙugu. Daga nan mutum ya koma shan ibuprofen ko diclofenac kullum, magungunan da yawan shansu ke jawo gyambon ciki, ya kuma taɓa ƙoda. Idan kuma iskar ta yi kaɗan, dutse yakan matse tiyub a jikin rim ya huda shi wuri biyu, ko tayar ta lanƙwashe a kwana ta kayar da mahayi.

Ga mai nauyin kilo 70 zuwa 80, a kan faffaɗar taya mai inci 2.3 marar tiyub, ya dace ya fara da PSI 22 zuwa 24 a gaba, 25 zuwa 27 a baya, domin baya ce ke ɗauke da mafi yawan nauyi. Mai tiyub ya ƙara kamar 4 ko 5, haka ma wanda ya fi wannan nauyi ya ɗan ƙara. Daga nan sai a riƙa ragewa ko ƙarawa ɗaya-ɗaya har a dace.

Latsa taya da babban yatsa ba awo ba ne, mai faci kuma ya saba cika taya tam. Ka mallaki famfo mai agogon awo, ka duba iskar kafin kowace fita, ka sa hular kwano. Ciwon da ya ƙi tafiya bayan an gyara iska, likita za a kai wa.