KAREN GONA IDAN YA NAKASA, ALHAKINSA NA WUYAN WA?

 

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan wata shi ne wata tambaya da aka yi mana bayan karatun magariba a wani ƙauye da ke tsakanin Hunkuyi da Maƙarfi. Wani ɗan'uwa manomin rake ya tsinci kare a bakin hanya, mota ta karya masa ƙafar baya, ƙuda na ta bin mikin. Karen ba baƙo ba ne a ƙauyen, domin ya shekara biyar ko fiye yana gadin gonar wani maƙwabci, amma da ya nakasa sai ubangidansa ya kore shi. Ɗan'uwan nan ya yi masa 'yar rumfa a bakin gonarsa, ya sa aka ɗora ƙafar, yana kai masa sauran tuwo da ruwa safe da yamma. Nan take surutu ya tashi, wai ya ɗauki ɗabi'ar Nasara, har wani ya ce bai kamata ya ƙara tsayawa a sahun gaba ba. Shin ya yi laifi?

Amsarmu ita ce bai yi laifi ba. Wanda ya fi buƙatar nasiha shi ne wanda ya kori karen.

Ba mu ce masu surutun ba su da abin da suke gudu ba. Lalle akwai wata ɗabi'a da ta fara shigo mana ta hanyar wayoyin hannu, ta ajiye kare don ado da alfahari. Akwai wani ɗan guntun kare mai murtukakkiyar fuska da ake jingina shi ga Faransa, wanda a shekarar 2022 ya zama karen da aka fi yi wa rajista a Amurka. Mutane ne suka yi ta haɗa iri har hancinsa ya shige ciki, don kawai ya ba su sha'awa. Sakamakon haka da yawansu numfashi ma wahala yake yi musu, ba sa jure zafi, kuma mafi yawansu ba a haifarsu sai an yi wa uwar tiyata. Idan kuɗin magani ya yi yawa sai wasu su yar da su, sannan wasu masu tausayi su karɓa su yi ta jinya. Wannan cuta ce da ɗan Adam ya ƙirƙira da hannunsa, kuma muna gargaɗin samarinmu kada su sa dukiyarsu a ciki. To amma ina ruwan wannan da gurgun karen gona a ƙasar Kudan?

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, hukuncin kare a Shari'a ba ɓoyayye ba ne. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa ajiye kare haka kawai yana rage ladan mutum kullum, kuma mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da yake ciki. Amma a cikin waɗannan littattafai ne dai aka keɓe karen farauta, da na kiwo, da na gona. A cikinsu ne kuma Manzon Allah (S.A.W.) ya ba da labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai jin ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa. Haka nan labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Abin mamaki, mun haddace na farko muna kafa hujja da shi, sauran kuwa sai ka ce ba a taɓa karanta mana su ba.

Masu cewa ɗan'uwan nan ya zama mai najasa, muna tunatar da su cewa a mazhabar Imam Malik, wadda iyayenmu suka tashi a kanta, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallagi a cikinta kuwa bin umurni ne. Wasu malamai, kamar Imam Shafi'i, sun saɓa masa. Ko a wajensu wankewa ake yi, babu wanda ya ce a fitar da Musulmi daga sahu.

Hujja ɗaya ce a cikin maganarsu ta cancanci a tsaya a kanta. Sun ce an yi izinin karen gona ne don gadi, wannan kuwa ba ya iya korar ko akuya, saboda haka izini ya faɗi. Muka ce, na farko, karen yana gona, ba a tsakar gida ba, kuma gurgun kare bai rasa haushi ba. Na biyu, ko da bai iya komai, ciyar da mai rai da ke cikin wahala sadaka ce mai zaman kanta, mutumin rijiya ai ba karensa ba ne. Sannan wace irin fahimta ce za ta halatta maka cin moriyar dabba shekara biyar, ranar da ta karye kuma ka tuna cewa haram ce? Wannan cin moriyar ganga ne aka sa masa rawani. Kuma ba kare kaɗai muke yi wa haka ba. Duk mai bin hanyar Ikara ya sha ganin jaki da gyambo a gadon baya an ɗora masa mangalar taki, ko dokin da ya ƙare ƙarfinsa wajen juya injin mazarƙwaila an bar shi ƙashi da rai.

Akwai kuma maslaha ta zahiri. Karen da aka kora shi ne ke yawo a juji yana cizo da wasu karnuka, yara na jifansa, ta nan ciwon haukan kare yake samun ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunsa sun bayyana da wuya ƙwarai a tashi. Alhali rigakafinsa allura ce, ana yin ta a cibiyar binciken dabbobi ta Vom, ga kuma asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru kusa da mu. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya da shi asibiti a ranar, kada a tsaya shafe-shafe. Karen da hauka ya tabbata a kansa a kashe shi nan take ba tare da azabtarwa ba.

Mun shawarci ɗan'uwan da ya nemi malamin dabbobi ya yi wa karen allura, ya ware masa ƙwaryarsa daban, ya hana yara wasa da shi. Shi kuwa tsohon ubangidan karen, mun aika masa cewa za mu zo gaisuwa ranar Juma'a bayan la'asar, in Allah Ya kai mu.