Kwabon kakanninmu ba na awon kilo ba ne

Jama'ar Madawa, Buza da Keita. A yau muna so mu taɓo wani abu da ke kwance a ƙasan adakar tsofaffinmu: kwabo mai huji da ɗan'uwansa anini.

Nan ƙasar Faransa ce ta mulke mu, to me ya kawo kuɗin Ingilishi gidajenmu? Cin rani da fatauci. Mutanen Adar da Gobir sun sha tafiya Sakkwato, Kano, Jos, har Kumasi, kuma kwabo ɗaya ake kashewa a Nijeriya, Gwalkwas, Saliyo da Gambiya. An fara buga shi a 1907, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. Da farko fari ne, a 1952 anka maida shi ja. Anini goma ke yin kwabo, kwabo goma sha biyu ke yin sule. Da naira ta shigo a 1973, sai zamaninsa ya wuce, amma har gobe muna cewa "ba ni da ko anini".

Yanzu abu biyu ke cinye wannan gado. Na farko masu sayen tsofaffin ƙarafa, su ɗora a sikeli su ba yaro kuɗin alawa, a kai a narke. Na biyu 'yan damfara da ke ruɗin mutane a WhatsApp wai kwabo guda zai kawo miliyoyin sefa, amma sai ka fara biyan kuɗin "gwaji". Jama'a, ƙarya ce. An buga kuɗin nan da yawan gaske. Ko a Ingila, inda ake da masu tara babban kwabonsu na tagulla da anka daina kashewa a 1971, yawancinsa araha ne. Sai ɗai-ɗai ke tsada, irin na 1933 da bai kai goma ba a duniya.

Wani zai ce ana fama da tsadar hatsi, wa ke ta kwabo? Gaskiya ne. Amma abin da za a ba ka bai sayen tiyar gero, kuma in an narke shi ke nan.

Shawararmu: in kun samu, kar ku goge shi da toka ko lemun tsami, gugar na rage masa daraja. Ku duba shekara da sunan sarkin da ke jiki. Ku tambayi tsoho tun yana raye: wa ya kawo shi, daga wane gari, wace sana'a ya yi? Ku rubuta ku ajiye tare. Malaman makaranta kuma su nemi aron 'yan kaɗan su nuna wa yara, ba sai an je gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai ba.

Wanda ke da shi a gida ya turo muna hoto da labarinsa. Allah Ya jiƙan magabata.